Tsawon Manu

Litinin, 4 ga Mayu 1981, bayan la'asar

Ban yi laifi ba. Da wannan zan fara. Ni Namadi mai walda ban yi wa kowa laifi ba, kuma ba wanda zan je in durƙusa wa.

Ga abin da ya faru, yadda ya faru, ba yadda ake faɗinsa a teburin Tanko mai shayi ba.

Manu abokina ne tun ina faci a gindin darbejiya, ban da shago ban da rumfa. Bafillace ne, rugarsu tana yamma da gari, kan hanyar Bukkuyum. Duk ƙasar Anka ba wanda ya kai shi tsawo. In zai shigo shagona sai ya sunkuya kamar mai neman allura. Tun kaka bayansa ya kama shi. Ba ya iya zama a miƙe, ba ya iya hawan jaki, kekensa na jingine har tayoyin sun sace. A kishingiɗe kaɗai yake samun sauƙi. Sai na ce, in mutum kishingiɗa kawai yake iyawa, me zai hana keke ya kishingiɗa tare da shi? Na haɗa masa: taya biyu a baya, ɗaya a gaba, kujera mai majingina, feda can gaba inda mutum zai miƙe ƙafa ya tuƙa. Ba a littafi na gani ba. Aji biyu na yi a sakandare aka ce in koma gida, kuma waɗanda suka gama ban ga abin da suka ƙera ba.

Kuskurena guda ne, na aiki ne, ba na hali ba: da jikina na gwada. Ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba. Da aka ɗora Manu, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ya ce, “Kaɗo, wanga keke na ko kwando?” Dole a ja kujerar baya. Kafin in ja kuwa sai na san tsawonsa, musamman daga ƙugu zuwa diddige.

Ran Asabar na je ruga, na manta tef ɗin awo a shago. Manu na kwance kan tabarma. Na zaro kara guda daga jikin bukka, na shimfiɗa shi gefensa daga kai zuwa diddige, na karya inda ya tsaya, na yi shaida da farce daidai ƙugu. Shi kansa dariya yake yi. Sai ga Inna Hure, mahaifiyarsa, ta shigo da ƙwaryar nono. Ta dube ni, ta dubi karan, ta dubi ɗanta kwance ya miƙe ƙafa. Ƙwaryar ta faɗi.

Na san da kara ake ɗaukar awon mamaci a kai wa masu haƙa. Wa bai sani ba? Amma ni a lokacin ba makabarta ce a kaina ba, ƙarfe ne.

Na ɗaura karan a kekena na komo gari. Dattawan ƙofar masallaci suka gan ni na ɓullo daga hanyar ruga da kara karyayye, kuma irin wannan tsawon mutum ɗaya ke da shi. Ba wanda ya tsayar da ni ya tambaya. Kafin magariba mutane sun cika rugar zuwa gaisuwa, Manu yana ciki yana jin ana roƙa masa rahama.

Jiya Isa ƙanensa ya zo shago ba sallama. Ya ɗauki karan ya kakkarya ya cusa a murhun Tanko. Ya ce Inna ta ce kada ƙafata ta sake taka rugar.

Abin da ba su son ji shi ne, Manu ne ya roƙe ni. In ruwa ya sauka aka fara shuka, shanunsu za su tashi zuwa mashekari, inda suke cin damina, kuma tun yana saurayi shi ke shiga gabansu har bakin gulbi, ya kira su su ƙetare. Ya ce mini bana ma sai ya raka su, ko da kwance ne. Na ce na ɗauka. Ban taɓa cewa na ɗauka kuma na ajiye ba.

Talata, hantsi

Ba wanda ya kawo aiki sai wani baƙo da bai san labari ba. Da na je shan shayi Tanko ya ɗaga murya, “Jama'a kowa shi takure, mai awo ya iso!” Suka yi ta dariya, wani har yana naɗe ƙafa. Na shanye shayina sannu a hankali har ƙasan kofi, sannan na ce, “Kai Tanko ka kwantar da hankalinka, kai tsinken tsire ya ishe ka.” Dariyar ta koma kansa. Ban ji daɗinta ba duk da haka.

Alhamis, 7 ga wata, bayan isha

Uwani matata ta sayo goro ta ƙulle a ganye ta ajiye kusa da tuwona.

Na ce, “Na mi ne?”

Ta ce, “Ka sani. Ka tahi ka ba tsohuwar nan haƙuri, Malam. Damina guda tana dama maka hura sa'ad da kad dawo Gusau ba ka da ko tabarma. Ba ta cancanci kalma guda ba?”

Na ce, “In na ba da haƙuri, na yarda ke nan awon kabari niy yi. Kuma in wani abu yas same shi, na yarda ni ne.”

Ta ce, “Wa yac ce wani abu za ya same shi?”

Ban ce ba. Ba ni na ce ba. Na ci tuwona, na bar goron inda yake.

Asabar, da rana

Na kasa tuna inda shaidar ƙugun take a jikin karan. Ina rufe ido in ga tabarmar, in ga ƙafafunsa, sai ƙwaryar nan ta faɗi komai ya watse.

Talata, 12 ga wata, bayan magariba

Na je Bukkuyum. An ce akwai wani Hayatu, tsohon ɗan kokawa, yanzu gishiri yake sayarwa, wai ya kusa kamo Manu. Na ce in na sami mai tsawonsa ai aiki ya ƙare. Wannan karon da tef na je, sabo, na ƙarfe.

Mutumin kirki ne. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo ruwa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai. Da na zaro tef sai ya ce, “Tsaya. Kai ne na Anka?”

Na ce ni ne.

Ya miƙe zumbur. Sai kuma ya tuna tsaye ya fi nuna tsawonsa, ya koma ya zauna ya tattare ƙafafu ƙarƙashin riga. Ƙato, wanda aka ce ya kayar da mazan Gummi uku rana ɗaya. Ya ce, “Malam, ɗiyana ƙanana ne. Sha ruwanka ka tahi lahiya.”

Na sha na taho. Labari ya riga ni zuwa, ko mota bai shiga ba.

Laraba, asuba ta yi

Gabas ta yi baƙi jiya, iska ta kwashe. Madalla. Kada ruwa ya sauka tukuna.

Asabar, 16 ga wata, la'asar

Maimunatu matar Manu ta biyo da tallan nono. Da can kullum sai ta tsaya ta zuba wa Uwani. Tun abin nan ta daina bi ta layinmu. Yau ta tsaya bakin shago, ta juya mini baya kamar tana gyara gammo, ta ce da bango, “Shi ya ce in tambayi Kaɗo, wai walda ta ƙare duniya ne?”

Na ce da bangon ni ma, “Ki ce mai aiki na tahiya. Yaya jikin?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

Haka ake cewa. Na tambaye ta ko yana cin abinci. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Wai walda ta ƙare duniya. Ɗan banza. Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabcina ya leƙo.

Litinin, 18 ga wata, bayan isha

Gummi. Na je neman ƙarfe, da kuma dogon mutum in Allah ya sa akwai wanda bai ji ba. Kowa ya ji. A can ma har an ƙara, wai mutum biyu na auna, ɗayan ya cika.

Amma tafiyar ba ta faɗi ba. Ina zaune a tasha ina jiran mota, wani direban babbar mota, gajere kamata, ya sauka, abokin aikinsa dogo ya hau. Sai na ga ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya ja ta baya, ƙarat, ya zauna daidai. Na tashi na roƙe shi ya bar ni in leƙa. Dogo biyu ne na ƙarfe, kujerar na gudu a kansu, da wani haƙori da ke riƙe ta.

Ke nan ba sai na auna kowa ba. In yi wa kujerar hanya, in huda ramuka a jere, mai hawa ya ja ta har inda ƙafarsa ta ji daɗi, a sa ƙusa. Gajere ya hau, dogo ya hau. Tunanin yana kaina tun da, motar tuna mini kawai ta yi.

Ƙarfen da nake so, mai kusurwa, miƙaƙƙe, ban samu ba duk Gummi.

Talata, hantsi

Na yanka gadona. Ƙarfen gefensa shi ne daidai. Uwani ta tsaya bakin ƙofa tana kallo ina jan zarto, ta ce, “To Malam, sai kwanan ƙasa?” Na ce a ƙasa aka haife ni.

Alhamis, 21 ga wata, bayan azahar

An kai Manu asibiti Gusau ran Litinin, an komo da shi jiya. A bakin Tanko na ji, kamar wani bare. Na ce wa Uwani ai ba a komowa da mutum da wuri haka sai in an ga sauƙi. Ta ci gaba da tsince shinkafa.

Na huda ramukan, tazarar yatsa biyu tsakanin kowanne. Da hannu, don abin hudawar nawa na juyawa ne. Tafina ya yi kanta.

Jumma'a, bayan an sauko

Liman ya yi huɗuba a kan cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma camfi ba addini ba ne. Kowa ya ce na'am. Da aka fito, wanda ke gefena a sahu ya ɗauki takalmansa ya bi ta wata ƙofar.

Lahadi, 24 ga wata, la'asar

Yau na faɗi gaban jama'a, kuma zan rubuta da kaina kafin wani ya ba da labarin.

Na ja kujerar har ramin ƙarshe, na hau don in ji. Ƙafata ko kusa da feda ba ta kai ba, wannan na sani. Abin da ban lissafa ba, in kujera ta wuce kan tayoyin baya, nauyin mutum ya koma bayansu. Ina jingina, gaban keken ya tashi sama, na kife da baya, ƙafafuna na kallon Allah. Teburin Tanko gaba ɗaya ya watse da dariya. Tanko ya ce, “Ya auna kainai!”

Su yi. Gara ni da shi. Da Manu ne, da wannan bayan nasa.

Dole in yanke firam in ƙara masa tsawo, tayoyin baya su ja baya su ma. In firam ya ƙaru sarƙa ta gaza, sai na haɗa biyu. Majinginar ma ta yi gajere, a wuyansa za ta tsaya, sai an ƙara mata wurin kai. Dogon mutum ba ƙafa kaɗai ba ne, ko'ina nasa dogo ne. Aikin mako ne in gas bai yanke ba.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Na fito na tarar da wani abu kan kujerar keken. Katifa ce 'yar siririya, doguwa, an cusa mata audugar rimi, an ɗinke ta layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Daidai inda ƙashin baya ke zama an bar kwari. Da zanen Uwani aka yi ta, shuɗin nan.

Goron nan dai ta ɗauke shi, ya bushe.

Jumma'a, 29 ga wata

Ruwa ya sauka.

Asabar, bayan azahar

Kowa ya tafi gona. Gari shiru, sai ni da guduma. Na loda wa kujerar buhun ƙasa biyu, na ja ta ƙarshe, na jijjiga, na hau dutse da ita. Ba ta tashi ba.

Ban yi laifi ba. Ina maimaitawa don yau na wayi gari ina jin kamar wani ya zauna mini a ƙirji. Kara kara ne. Da shi ake danni, da shi ake hura wuta, yara na yin mota da shi. Ciwon nan tun kaka yake, ni kuwa bazara na ɗauki kara.

Litinin, 1 ga Yuni, la'asar

Maimunatu ta tsaya. Ba ƙwarya a kanta yau. Ta ce shanu ran Alhamis za su tashi, da hantsi. Sannan ta faɗi wani abu game da ƙafafun Manu. Ba zan rubuta shi ba. Mata suna ƙara wa magana gishiri.

Na tambaye ta, duka biyun? Ta ce duka biyun.

Talata, bayan magariba

Na yi wasu 'yan gyare-gyare. Haƙorin baya, wanda ke barin taya ta yi ta gudu feda na tsaye, na liƙe shi da walda. Yanzu in taya ta juya, feda ma sai ta juya, ko an taka ko ba a taka ba. Ya fi ƙarko haka. Na kuma sa wani ƙarfe a gicciye bayan majingina, daidai ƙirjina. Na ɗaura kaya ne.

Uwani ta zo ta dafa ƙarfen, ta ɗan tura keken gaba, ta ga fedar na juyawa ita kaɗai. Ta dube ni. Na ce, “Na ɗaura kaya ne.” Ta ce, “Na gani, Malam.”

Laraba, bayan isha

Gobe. Ba wanda ya kira ni. Zan je.

Alhamis, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Da gari ya waye sarai na so a gan ni, don haka ta tsakiyar gari na bi, ta gaban masallaci, ina tura keken. Na yi wa dattawa sallama da ƙarfi. Suka amsa.

Na tarar an kwance bukkokin samari, an ɗaure kaya kan bijimai, shanu na ta kuka. Isa ya hango ni ya taho da sanda. Kafin ya iso Inna Hure ta fito ta tsaya tsakanina da ƙofar ɗakin Manu. Ta rame. Ban zaci ita ma za ta rame ba.

Na cire takalmi na gaishe ta. Gaisuwa dai, irin wadda na saba. Ba ta amsa ba.

Ta ce, “Mi kaz zo aunawa yau?”

Na ce, “Ban zo da awo ba, Inna. Ki duba aljihuna.”

“Na ce kak ka sake takowa.”

“Kin ce. Shi kuma ya ce in kawo. Na rasa wanda za ni saɓa ma, sai niz zaɓi wanda ya hi ƙarhin jurewa.”

Isa ya ce, “Ji mutumin banza!” Sai muryar Manu daga ciki. Ta sirance, amma tasa ce. “Isa, bar shi. Kaɗo, kai ne ko ƙanenka? Daga nan ban hangen gajeru.”

Na ce, “Ni ne, raƙumin dawa. Ka hito ko in tahi da abuna.”

Inna ba ta motsa ba. Ta daɗe tana kallon keken. Ta taɓa katifar, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce, “Wanga ba aikinka ba ne.” Na ce na Uwani ne. Ta ce, “Ita tana da hankali.”

Na nuna mata yadda kujerar ke gudu, da ramukan, da ƙusar. Na ce in an ɗora shi sai a ja har ƙafarsa ta miƙe, a bar gwiwa da ɗan lanƙwasa kaɗan. Ta ce ba wanda zai ja ɗanta gaba da baya kamar buhu, kuma ba ni ba sa masa hannu da sunan gwaji. Ta ture ni gefe. Ta kama majinginar da kanta, ta ja baya, ta tsaya ta dubi fedar, ta ƙara ja, ta dawo da ita rami guda. Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, na sa mata ƙusar, ta zura.

Ta ce, “Ni nih haihe shi. Ku ɗauko shi.”

Isa da Maimunatu suka fito da shi. Ba zan faɗi yadda ya koma ba. Mutum biyu sun yi masa yawa, shi ke nan.

Suka kwantar da shi. Kansa ya sauka daidai wurin kai. Maimunatu ta ɗauki ƙafarsa ta dama ta ɗora kan feda, sannan ta hagu, ta yage gefen mayafinta ta ɗaure su. Na juya fedar a hankali har ta kai can nesa. Ƙafar ta miƙe, gwiwar da ɗan lanƙwasa. Ko rabin rami ba a nema ba. Wata guda ina yawon Bukkuyum da Gummi.

Manu ya lumshe ido ya ce, “Af. Yau ƙahwata ta san inda ta ƙare.”

Aka buɗe wa shanu. Ya ce a sa shi gaba. Na kama ƙarfen baya. Ƙasar ta jiƙe, taya na nutsewa, ga shi da ɗan hawa kafin gangaren gulbi. Muna tafiya ƙafafunsa na juyawa, ɗaya ta tafi ɗaya ta komo, dogaye, kamar da. Masu shuka a gonakin gefen hanya suka ɗago suna kallo. Na ji wata na cewa, “La ilaha, Manu ne ka tuƙi!” Wasu cikinsu sun je gaisuwarsa wata guda da ya wuce. Ya ɗaga musu hannu kamar hakimi.

Ba tare da ya juyo ba ya ce, “Kaɗo, rage nishi. Za ka tona mu.”

Na ce, “Kai ka taka da kyau, malalaci.”

A bakin ruwa shanun suka yi cirko-cirko, don gulbin ya ɗan kawo. Isa ya yi kira, suka ƙi. Ya sake, suka ƙi. Bai ƙara ba, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Manu ya ja numfashi ya yi kiran nan nasa. Bai fi a ji shi daga nan zuwa bakin ƙofa ba. Wule, babbar saniyarsa mai farin goshi, ta ratso sauran ta zo ta sa hancinta a ƙirjinsa, ta jiƙe masa riga. Ya yi mata magana da Fillanci, ban ji duka ba, ba kuma nawa ba ne. Sannan ya dafa wuyanta ya tura. Ta shiga ruwa, sauran suka bi.

Mun tsaya har na ƙarshe ya hau wancan gefen. Inna na bayanmu, ban san ta biyo ba.

Da muka komo ya yi barci a hanya, ƙafafun na ta juyawa. Na so in tsaya in kwance su. Inna ta ce, “Bar su.”

Na bar keken can. Da zan taho ta miƙo mini ƙwarya, fura ce, ta dama. Na sha a tsaye. Ta ce, “Gobe ka zo ka gane shi. Kak ka bari sai jibi.”

Jumma'a, 5 ga Yuni, da sassafe

Na tsaya shan shayi kafin in kama hanya. Teburin ya cika, ba wanda ya naɗe ƙafa. Tanko ya zuba mini, ya ƙara madara ban roƙa ba. Can ya sassauta murya ya ce, “Namadi, tsakaninmu. An ce kai ka tura shi tun daga ruga har gulbi.”

Na ce, “Wa yac ce?”

Ya ce, “Mutane.”

Na ce, “Wanda yag gani shi zo shi hwaɗi gabana.”

Ba wanda ya zo. Ga shi kuma na rubuta, don kada a sami wani zance daban nan gaba: ran Alhamis, huɗu ga Yuni, Manu ya tuƙa kekensa da ƙafafunsa, ya raka shanunsa har bakin gulbi. Ni ina biye ne kawai, hannuna kan ƙarfe, saboda gangara.